Yadda za ki haɗa wa yaranki littafin labarin kare mai wayo da hannunki

Autata ce ta jawo wannan maganar. Wata rana da yamma ina tsince shinkafa a tsakar gida sai ga ta da wani littafin turanci mai hotuna da ta aro a maƙwabta, a bangon an zana kare mai gashi buzu-buzu kamar rago, da ɗan ƙyalle ɗaure a wuya, yana kwance ɗare-ɗare kan gadon wani yaro. Ta ce Umma karanta min. Na karanta ina fassara mata, ta yi shiru har aka kai ƙarshe, sannan ta ce, "Umma wannan ai ba kare ba ne, bai yi kama da na mai gadin layinmu ba." Kuma gaskiyarta ne. Na daɗe ina koyar da 'yan aji biyu na firamare, na san yanda yara ke son labarin dabbobi, amma ranar ce na fara lura cewa duk wani littafin kare da abokinsa da ya taɓa shigowa hannuna daga wata ƙasa ya fito, da karensu da gidajensu da ƙanƙararsu. Shi ne na ce bari mu yi namu. Mun yi guda huɗu zuwa yanzu, kuma yanda muka yi ne zan faɗa miki, iyaye maza ku ma da ku nake.

Na san abin da zai fara zuwa ran wasu, wai kare kuma? a gidan musulmi? Wannan tambayar ki amsa wa kanki ita tun kafin ki ɗauki biro, don yaron zai yi miki ita, ko kakarsa ta yi. A Suratul Kahfi aya ta 18 Allah da kansa ya ambaci karen samarin nan, yana shimfiɗe da hannuwansa biyu a bakin kogo. A Suratul Ma'ida aya ta 4 an halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo. Ga hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ciko huffinsa da ruwa, ya riƙo shi da baki ya hauro ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa, yana cikin Bukhari da Muslim. Sannan hadisi ya ware karen farauta da na kiwo da na gadin gona daga hanin ajiye kare, kuma an ce in kare ya yi lallagi a ƙwarya a wanke sau bakwai. To kinga hanya ta fito fili. Karen littafinki ya zama kare mai aiki, yana kwana a zaure ko bakin garke ko gindin rumbu, yana da kaskonsa na cin abinci daban, ba ya hawa gado ba ya lasar fuskar kowa, kuma duk da haka abota ce sosai tsakaninsa da yaron. Ni ban ga inda aka rasa komai ba a nan, asali ma labarin ya fi daɗi don yaron ya san irin wannan karen, yana ganinsa kullum a hanyar islamiyya.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wato wayon karen. Yawancin masu rubuta wa yara labarin kare mai wayo abin da suke yi shi ne su ɗauko mutum su saka masa jela. Kare yana karanta wasiƙa, yana buga waya, yana ba da shawara kamar dattijon unguwa. Yaro zai yi dariya sau ɗaya ya wuce. Ni kuwa abin da na gani a aji, labarin da ke sa yara su yi tsit su buɗe baki shi ne wanda karen ya yi abin da kare na gaske zai iya, wanda mutum ba zai iya ba. Wayon kare a hancinsa yake da kunnensa da haƙurinsa. Hancin kare ya ninka namu ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa 'yan kwastan da 'yan sanda ke yawo da su a filin jirgi, kuma yana jin sautin da kunnen mutum ba ya kamawa, ya san takun mai gidansa tun daga kwanar layi. Ido kuma nan ne yake da rauni wajen launi, shuɗi da rawaya yake bambancewa sosai, ja da kore kuwa sukan rikice masa. Saboda haka kar ki rubuta cewa ya gane akuyar da jan ƙyallen wuyanta, ki ce ya gane ta da warin igiyarta.

In kina so ki san iyakar abin da kan kare ke ɗauka, an taɓa yin wata karya a Amurka mai suna Chaser, wani farfesa mai ritaya John Pilley ne ya horar da ita a jihar Karolina ta Kudu, ta haddace sunayen kayan wasa 1,022, ya kira sunan abu ta shiga tsibi ta ɗauko shi, da wuya ta yi kuskure. Na ba 'yan ajina wannan labarin, wani yaro ya ce malama ta fi ni hadda, kuma da gaske yake mamakin. To daga nan na ɗauki dabara ɗaya: karen littafinmu ya san sunayen mutanen gidan da na awaki, in aka ce "je wajen Inna" ya tafi. Wannan kaɗai ya isa ya ɗauki labari guda.

Ga yanda na tsara namu na farko don ki ga misali. Yaro sunansa Sani, karensa baƙi ne sunansa Duna. Lokacin kaka ne an gama yankan gero, an saki dabbobi cikin kara, da magariba aka ƙirga awaki babu ɗaya, kuma ita ce mai tsohon ciki, ta kakarsa. Manya suka fita da tocila suka nufi gabas inda aka saba kiwo. Sani ya ɗauko guntun igiyar da ta tsinke ya miƙa wa Duna ya shinshina, Duna ya yi yamma, Sani ya ce ba nan ba ne, ya ja shi, Duna ya tirje ya ƙi. A nan ne zuciyar labarin take, yaron zai yarda da abokinsa ko zai bi manya? Ya koma ya kira yayansa suka bi Duna, suka same ta a cikin wani kwazazzabo ta haihu tagwaye ta kasa fitowa. Shi kenan labarin, bai kai kalma 300 ba. Amma ki lura da abu biyu. Na farko Sani bai tafi daji shi kaɗai da dare ba, da gangan na sa ya kira yayansa, don abin da yaro ya gani a littafi yana iya gwadawa. Na biyu kuma tun a shafi na uku na nuna Sani yana cire wa Duna ƙaya a tafin ƙafa, yana zuba masa ruwa a kasko da rana tsaka kafin shi ya sha.

Wannan na biyun kar ki yi wasa da shi. Abota hannu biyu ce, kuma yawancin labaran da na karanta karen ne kaɗai ke bayarwa, shi zai ceci yaro daga rijiya, shi zai kori ɓarawo, shi zai jira, yaron kuwa ba ya yin komai sai rungume shi a shafin ƙarshe. Yaranmu da ke tashi suna ganin ana jifan kare da dutse a layi ba dalili, ana ɗaure wa kwikwiyo gwangwani a jela ana bin sa da ihu, su ne suka fi buƙatar su ga yaro irinsu yana cire wa kare kaska, yana kare shi daga 'yan jifa ko da za a yi masa dariya a ce masa uban karnuka. A littafinmu na uku gaba ɗaya ma wata yarinya ce ta ceci karen, ta same shi da miki a kunne ƙudaje sun addabe shi, ta dinga roƙon babanta har ya kira malamin dabbobi. Wannan littafin shi yaran ajina suka fi nema, har bangonsa ya yage na sake masa wani.

Kuma don Allah kar ki rufe labarin da "wannan labari yana koya mana cewa". Yaron ya riga ya gane tun lokacin da Duna ya tirje. Ki tsaya a kan hoto, kaka tana shafa 'yan awakin, Duna yana kwance gefe yana haki da harshe waje, Sani ya ajiye masa ƙashi. In kina son salon gida ki buɗe da "ga ta nan ga ta nanku" ki rufe da "ƙurunƙus", yara suna son su amsa "ta zo mu ji ta" ko da littafi ne a hannunki ba tatsuniyar dare ba.

Idan labari ya ƙi zuwa miki, je wajen tsofaffi. Kakata tana da tatsuniyar maharbin da dodanniya ta kora ya hau bishiya tana sara, shi kuma yana ƙwala wa karnukansa kira ɗaya bayan ɗaya da waƙa har suka tsinke igiya suka zo. Karin maganarmu ma kowanne labari ne a dunƙule, "karen bana shi ke maganin zomon bana" littafi ne guda, tsohon kare da ya gaji da ɗan kwikwiyon da kowa ya raina. Mafarautan unguwarku ma in kika aika a tambaye su yanda suke horar da kare za ki sha mamaki, suna da labarai cike da baki kuma ba wanda ke rubutawa.

Akwai kuma labaran gaske na wasu ƙasashe da za ki iya ba yara da Hausarki, amma ki bar su a ƙasarsu, kar ki mayar da Tokiyo Kano. Hachiko kare ne a Japan, kullum yana zuwa tashar jirgin ƙasa ta Shibuya ya taryi mai gidansa, wani farfesa mai suna Ueno. A 1925 farfesan ya rasu a wurin aiki bai dawo ba, karen ya ci gaba da zuwa tashar kullum a lokacin da jirgin ke isowa har ya mutu a 1935, kusan shekara goma, yau akwai mutum-mutuminsa a bakin tashar. Wannan labarin yana da nauyi, ni ban ba 'yan ƙasa da shekara bakwai, kuma in akwai marayan da bai daɗe da rashi ba a cikin yaran ki yi tunani kafin ki fara. Ɗayan kuma na garin Nome ne a jihar Alaska ta Amurka, shi ma 1925, cikin tsananin sanyi cutar mashaƙo ta ɓarke tana kama yara, teku ta daskare jirgin ruwa ba ya zuwa, sai aka yi ta miƙa maganin hannu da hannu a kan keken ƙanƙara da karnuka ke ja, mutum 20 da karnuka wajen 150, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 cikin kwana biyar da rabi. Balto shi ne karen da ya shiga gari da maganin, shi aka yi wa mutum-mutumi a Niyok, amma Togo shi ya ja zango mafi tsawo kuma mafi haɗari, kuma ya daɗe ba a ambatonsa. Yaranmu sun san mashaƙo, sun ji sunanta lokacin da ta addabi Kano da maƙwabta a 2023, wasu an yi musu rigakafinta a makaranta, shi ya sa labarin ke shigarsu. Da na ba su, gardamar da suka yi a kan wa ya fi cancanta tsakanin Balto da Togo ta cinye mana darasi guda.

To sai haɗa littafin kansa. Ki samo farar takarda A4 guda huɗu, ki jera su ki ninke biyu, kin samu shafi 16. Kafin ki rubuta komai ki saka lamba da fensir a kowane shafi yana ninke, saboda in kika warware za ki ga shafi na 1 da na 16 suna kan takarda ɗaya gefe da gefe, wanda bai san haka ba sai ya gama rubutu ya ninke ya ga labarin ya hargitse. Shafin farko suna, na biyu ki bar shi yaron ya rubuta "wannan littafin na wane ne", daga na uku zuwa na 14 labari, shafi 12 kenan, jimla ɗaya ko biyu a kowanne, in yaran sun kai aji uku ki kai uku. Rubutu manya-manya da baƙin maka ko biro mai kauri, kuma ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ki fito da ita sosai, kar yaro ya koyi karanta ƙaya a matsayin kaya, a labarin Duna ma wannan kalmar tana ciki. In kina da kwamfuta za ki iya bugawa a kai bizines santa, akwai wata manhaja kyauta mai suna Bloom da aka yi musamman don haɗa littattafan yara a harsunan gida, ita ke jera shafukan da kanta. Amma ni na hannun na fi so, yara sun fi girmama shi don sun ga ana yi.

Wata dabara da ta yi min aiki sosai, ki sa abin mamakin ya faɗo bayan an juya shafi. Ƙarshen shafin dama ya ce "Duna ya tsaya cak a bakin kwazazzabo, ya ɗaga kunne…" sai an juya a ga akuyar. Da kin kai nan ki dakata, ki tambaye su me ya gani? Za su yi ta ihu kowa da nasa. Ki kuma saka jimla ɗaya mai maimaituwa, mu tamu ita ce "Duna ya shinshina, ya shinshina, ya kaɗa jela", tana zuwa sau huɗu, a karo na uku yaran da ko harafi ba su sani ba su ke faɗa kafin ni, kuma da yatsansu a kan layin, daga nan karatu ke farawa.

Zane kuma kar ya tsorata ki. Ki ba yaran su zana, ko wani ɗan sakandare mai hannu a unguwa, da fensir mai launi ko kireyon. Sharaɗi ɗaya na kafa musu, a zana karen gida, siriri mai gajeren gashi, ja ko baƙi ko mai ruwan ƙasa, jela a nannaɗe, haƙarƙari na ɗan nunawa. 'Yan uwanmu na Nijar ma suna da abin alfahari a nan, karen Azawak na Buzaye mai dogayen ƙafafu da gudu kamar barewa, wanda har Turai ake kai irinsa, in an zana shi a gefen raƙumi da tanti ya isa bango. Bayan karen kuma a ga rumbu, a ga darni, a ga turmi, a ga buta a gindin bishiyar darbejiya. Autata da ta ga butar a hoto sai ta ce "irin tamu", ta fi minti biyu tana kallon shafin.

Shafi na 15 kuwa na ware shi ne don abin da ba na yarda a tsallake, tunda mun sa yaro ya so kare dole mu gaya masa ba kowane kare ne Duna ba. Cutar haukan kare tana nan a garuruwanmu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan duk mutanen da ke kamuwa daga cizo ko yaƙushin kare suke samu, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, da zarar alamunta sun bayyana kuma da wuya a tashi. Saboda haka a wannan shafin na rubuta da manyan baƙi: kar ka taɓa karen da ba ka sani ba, kar ka je kusa da kare yana cin abinci ko karya mai 'ya'ya, in kare ya taso maka kar ka ruga ka tsaya cak ka kawar da ido, in ya cije ka ko ya yaƙushe ka ka faɗa wa manya nan take ko da kai ka tsokane shi ba za a doke ka ba. Wannan ta ƙarshen da gangan na saka, yara da yawa ɓoyewa suke don tsoron bulala. Ke kuma uwa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti ranar, ba a jira a ga ko karen zai haukace, ba a tsaya shafa toka ko gashin karen ba. In akwai kare a gidan a yi masa allurar rigakafi, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin ta, kuma asibitocin dabbobi na gwamnati sukan yi gangami wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya. A littafinmu na huɗu Duna da kansa aka kai allurar, Sani na riƙe da shi yana lallashi, wannan ya taimaka min har wajen yaran da ke gudun allurar makaranta.

Bango kuma kwalin Indomie ko na sabulu ya isa, ki yanka ya ɗan fi takardar faɗi, ki liƙa farar takarda a kai da gam ko kunun sitaci. Ki huda rami uku a tsakiyar ninkin da babbar allura, ki ɗinke da zare mai kauri irin na bakin buhu, ki ƙulle ta ciki, ya fi ƙarfen maƙale takarda ƙarko don shi tsatsa yake da damina. In da hali ki bi bangon da faffaɗan salatif, hannun yara ba ya rabuwa da manja.

Kafin ki ɗinke dai ki karanta musu a bakinki sau biyu tukuna. Duk inda kika ga sun fara waige-waige ki yanke wurin, duk kalmar da harshenki ya yi tuntuɓe a kai ki sauya ta da wadda kike faɗa a gida, in ku 'yan Sakkwato ne ko Damagaram ku rubuta yanda kuke magana, littafinku ne. A karatun gwaji ne ma babban ɗana ya kama min kuskure, na rubuta Sani ya ba Duna sauran miyar da ta ji albasa, ya ce malamin dabbobin da ya zo makarantarsu ya ce albasa na cutar da kare, na bincika na ga haka ne, muka mayar da shi tuwo da ƙashi. A bangon baya kuma ki rubuta sunayen duk yaran da suka sa hannu, wanda ya yi zane da wanda ya riƙe zare, da shekarar, sannan ki ajiye shi a leda a saman kwaba inda gara ba ta kaiwa.